Ranar da Mai Jibda Ya Shafa Turare

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ara mini kwana har na ga jikoki suna gudu a tsakar gidan da na yi rarrafe.

Abin da ya sa na ware wannan babi daban, ban cusa shi cikin labarin noma da fataucin gyaɗa ba, wata magana ce da 'yar'uwarku Rabi ta kawo mini bayan an watse daga zaman makokin mahaifiyarku. Ta same ni a zaure idonta jawur. Ta ce ta ji wata tsohuwa daga gidan Baffa Iliya, ƙanen mahaifina, tana faɗa wa mata cewa marigayiya mutuniyar kirki ce, Allah Ya ji ƙanta, sai dai ita ce ta kashe sana'ar gidan nan tun tana amarya. A gidan makoki fa aka faɗi wannan, ƙasar kabarinta ko bushewa ba ta yi ba.

Rabi ta ce, "Baba, wace sana'a? Me Umma ta kashe?"

Na ce ta ba ni lokaci. Na san halinku: in na faɗa wa mutum ɗaya, kafin maganar ta isa wurin na Kaduna ta fito da ƙafa da hannu. Don haka ga ta a rubuce, kowa ya karanta da idonsa. A ciki kuma za ku sami amsar tambayar da kuka daɗe kuna yi mini, ta kwalaben turaren da kuke kawo mini daga Makka da Dubai, waɗanda ke jere a kan durowa ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Na san wasunku sun ce rowa ce, wasu sun ce ƙauyanci. Ƙauyancin ban musa ba, amma ba shi ne dalili ba.

Sunan kakanku Haruna, amma daga ƙauyenmu har kasuwar Ɗanbatta babu mai kiransa sai Mai Jibda. Yaran yanzu ba su san jibda ba, to bari in yi bayani. Akwai wata dabbar daji da ake kira tunkun jibda, ta fi kyanwa girma nesa ba kusa ba, mai dabbare-dabbaren baƙi da fari, ga cizo ga zafin rai. A ƙarƙashin wutsiyarta akwai wani ɗan aljihu da ke tara wani maiƙo mai kama da man shanu, wannan maiƙon shi ne jibda. Maharba kan kama dabbar da tarko su kawo mana, mu sa ta a dogon keji na itace, matsattse yadda ba za ta iya juyowa ba, mu riƙa ba ta nama da ƙwai da kunun gero da man shanu. Bayan 'yan kwanaki sai mutum ɗaya ya janyo wutsiya ta tsakanin sanduna ya riƙe ƙafafun baya, ɗaya kuma ya sa ɗan siririn cokalin ƙaho ya kwashe maiƙon a hankali, a zuba a ƙahon sa a toshe bakinsa da fata. Aikin ke nan, kuma shi kakan kakanmu ya yi.

Abin da ba za ku yarda ba sai kun ji da hancinku shi ne, ɗanyar jibda wari take yi, wari mai hawa ka. Sai an ɗebi ɗan mitsitsi an narka cikin mai da yawa sannan take juyewa ta zama ƙamshin da ke kwana ya wuni a jikin riga, a wanke rigar ma bai fita ba. Gidanmu kuwa ɗanyar muke zaune da ita. Tun daga bakin rijiyar unguwa baƙo zai san ya kusa gidan Mai Jibda. A makarantar allo yara kan toshe hanci in na zauna, ni kuma in bi su da gudu ina goga musu hannun rigata. Yayyena maza biyu suna tasawa suka tsere birni, suka ce hancinsu ya gaji. Ni na zauna, ba don na fi su biyayya ba, ni dai ina son zama kusa da Baba in ya fara ba da labari.

Labarinsa kullum na turare ne. Yakan ce zamanin kakansa ayarin raƙuma ke ɗaukar ƙahonin gidanmu daga Kano su keta sahara har bakin teku, Larabawa su saya su sayar wa Turawa, su kuma su zuba a cikin ruwan furanninsu. Wai ƙamshin fure ba ya zama, da ka shafa iska ta kwashe, jibda ce ke riƙe shi. Yakan yi dariya ya ce matan sarakunan da bai taɓa gani ba suna can suna taƙama da abin da ya kankaro daga gindin dabba a bayan ɗakin Inna. Ban san iyakar gaskiyar wannan ba, amma na san wani Alhaji daga kasuwar Kurmi yakan zo da kaka da kuma gabanin azumi ya kwashe abin da muka tara, kuma da kuɗin aka yi rufin ɗakunan gidanmu.

Sana'ar tana da doka guda wadda ba a taka ta. Dabbar da hanci take sanin mai ita. In ta saba da warin jikinka za ta bari ka taɓa ta, in ta ji baƙon ƙamshi sai ta haukace, ta ƙi ci, ta riƙa dukan keji da kai. Saboda haka mai kiwon jibda ba ya shafa turare, ba a turara masa riga, kuma hayaƙin turaren wuta ba ya zuwa kusa da ɗakin baya inda kejin suke. Mutumin da rabin attajiran Kano ke ƙamshi da kayansa bai taɓa ɗiga turare a jikinsa ba, ko ranar Juma'a, ko ranar Sallah, ko ranar aurensa. Abin yana damunsa, don mutum ne mai son sunna. Na sha ganinsa a masallaci in an zagayo da 'yar kwalba ana shafa wa mutane a bayan hannu, sai ya sa hannunsa cikin aljihu ya sunkuyar da kai. Inna kuwa, in marmarin turaren wuta ya kama ta, sai ta tafi maƙwabta ta zauna a ɗakin wata ta shaƙa, ta dawo ta sake zane.

Takan ce, "Malam, ni fa na auri mai turare na ƙare a ɗakin tunku. In na mutu dai a turara mini likkafani, kada a ce dabba za ta ji."

Shi kuma ya ce, "Za a turara, Hajara. Ranar ko tunkun sarki ne sai ya yi haƙuri."

Shekarar da nake son ba ku labarinta, abubuwa uku suka haɗu. Daji ya riga ya zama gona, duk inda ka duba gero ne da gyaɗa, maharba suka daina kawo mana komai. Kejin da a da suka cika ɗakin baya suka koma guda ɗaya mai rai a ciki, wani namiji da Baba ya sa wa suna Auta. Sannan ciwon yanar ido ya fara rufe idon Baba, har ya zama ba ya ganin bakin aljihun da zai sa cokali. Sai muka yi musanya, shi ya riƙe ƙafafu yana yi wa Auta magana ƙasa-ƙasa, ni in kwashe. Baffa Iliya ba ya iya wannan, tun yana saurayi wata ta cire masa ɗan yatsa, daga nan bai ƙara shiga ɗakin ba, shi dai nasa kai kaya kasuwa da yin ciniki. Na ukun kuma, Alhajin Kurmi ya zo da kaka, ya zauna a zaure ya sha fura, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu ya miƙa wa Baba.

Ya ce, "Malam Haruna, shaƙi wannan. Turawa sun gano yadda za su haɗa jibda a masana'anta, babu dabba babu keji. Masu saye a wurina sun ce sun gode. Ban so ka ji a bakin wani ba."

Baba ya buɗe, ya kai nesa da rigarsa ya shaƙa, ya sake shaƙa. Ya ce, "Sun yi ƙoƙari. Wallahi sun yi ƙoƙari. Amma wannan ba za ta kwana ba."

Alhaji ya ce, "Ba sa son ta kwana, Malam. So suke gobe a sake saye."

Bai ƙara zuwa ba. Duk da haka ba mu tsaya ba, don akwai tsofaffin malamai da masu magani da wasu dattawa a birni da ba sa yarda da komai sai ta ƙaho, kuma Auta shi kaɗai yana isar su. Baffa Iliya yana ta cewa wani maharbi daga arewa ya yi masa alkawarin biyu in damina ta wuce. A kan Auta gidan Mai Jibda yake tsaye, kowa ya san haka.

A wannan shekarar ce na nemi auren mahaifiyarku, Binta. Ubanta Bahaushe ne manomi a ƙauyen gabas da mu, amma uwarta Babarbariya ce daga Nguru, kuma kun san su da ƙamshi. A wurinsu mace ba ta cika mace ba sai ta iya haɗa humra, wato turaren nan na ruwa da ake jiƙawa a kwalba ya daɗe yana nuna, ta kuma iya soya turaren wuta da itacen sandal da farcen turare da sukari. Ranar da na fara zuwa zance na yi wanka har sau biyu da sabulun salo. Ta fito ta gaishe ni, ta ɗan ja baya, ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Na ce ko in koma ne? Ta ce a'a, hanci yakan saba, ta ji an ce ni ba na faɗa kuma ba na ƙarya, waɗannan kuwa ba a sabawa da su. Ban taɓa jin kunya da daɗi a lokaci ɗaya irin na ranar ba.

Da manya suka zauna maganar aure, Baba ya faɗa wa waliyyanta dokar gidanmu dalla-dalla, ina wajen ƙofa ina ji. Suka ce ai wannan ba komai ba ne, za a kiyaye. Suka tashi suka bar maganar a zaure tare da ɓawon goro. Babu wanda ya ga ya dace ya shiga cikin gida ya gaya wa mata, don a ganinsu zancen tunku ba zancen da namiji zai tara surukai ya yi musu ba ne. Ni ma na ɗauka sun faɗa, Baba ma haka.

Ranar jere, wato ranar da dangin amarya ke zuwa su shirya mata ɗaki, al'ada ce maza su bar wa mata gida. Ni ina ɓoye a gidan abokina kamar yadda ango ke yi, Baba yana gindin tsamiyar masallaci yana karɓar barka, Inna kuma tana maƙwabta inda aka kafa tukwanen tuwo. Shugabar masu jere ita ce Iya Falmata, ƙanwar uwar Binta, mace mai kirki da zafin nama. Tana shiga gidan wari ya buge ta. Ta ce ba za a kawo 'yarsu cikin wannan ba, mutanen gidan nan bayin Allah ne, bari a taimake su. Ta sa aka cika kasko uku da garwashi aka zuba turaren wuta mai kyau, wanda ta yi tattalinsa don wannan rana, aka bi gidan lungu-lungu. Da ta gano inda warin ke fitowa, sai ta tura ƙofar ɗakin baya, ta ajiye kasko ɗaya a ciki, ta ja ƙofa ta rufe don ɗakin ya kama sosai. Ɗakin da duhu, ba ta ma ga kejin ba.

Inna ce ta dawo ɗaukar ludayi ta ga hayaƙi na fita ta saman ƙofar. Ta yi salati ta fizgo kaskon da hannu, har ta ƙone. Aka kira mu. Muka tarar da Auta kwance yana haki, hancinsa duk jini saboda dukan sanduna. Baba ya durƙusa yana lalube, yana kiran sunansa. Iya Falmata da ta fahimci abin da ta yi ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka tana kuka. Baba ya ce mata ta tashi, alheri ta nufa, kuma kada wanda ya gaya wa amarya, a ci gaba da biki. Aka ci gaba, aka kawo amarya da guɗa.

Auta bai mutu ba, amma bai koma yadda yake ba. Ya fara lasar kunu in Baba ne ya kai masa. Ni kuwa da na doso ƙofar sai ya tashi da gurnani ya fara dukan keji. Na yi wanka, na sake riga, na goge jikina da toka, duk a banza. Ina kwana a ɗakin amarya, kuma amaryar da aka yi wata guda ana turara ta, gashinta da fatarta da zannuwan gadonta duk sun sha humra, dole mijinta ya ɗauka. Na ce a mai da kejin bukkar gona. Baba ya ce ba wurin ne matsala ba, hannun da zai kwashe ne. Shi ba ya gani, Baffa ba ya shiga, ni kuma Auta ya daina sanina. Aljihun dabbar ya cika ya kumbura, in ba a kwashe ba zai zame masa ciwo. Kowa a gidan ya gane inda maganar ta tsaya: ko amarya ta rabu da ƙamshi gaba ɗaya kamar yadda Inna ta yi, ko sana'ar ta ƙare.

Baffa Iliya bai ɓoye nasa ra'ayin ba. Ya zo da hantsi ya tsaya a tsakar gida, ya ɗaga murya yadda za a ji a ɗakin amarya.

Ya ce, "Yaya, wannan ba abin shawara ba ne. Matan gidan nan tun kakanninmu haka suka zauna, babu wadda ta mutu. Yarinya ta tattara kwalabenta a mayar wa uwarta, a wanke ɗaki, shi ke nan. Za mu zubar da gadon gidanmu saboda hayaƙi?"

Baba ya ce, "Na ji ka, Iliya. Sassauta murya, akwai baƙuwa a gidan."

Ni kuwa na rasa ɓangaren da zan tsaya. Ina jin tsoron Baffa, ina tausayin Baba, kuma na san abin da ƙamshi yake a wurin Binta. Kwalaben nan uwarta ta fara jiƙa su tun Binta tana 'yar ƙwailarta. A danginsu, amaryar da aka je gani aka tarar ɗakinta ba ya ƙamshi, an gama da ita da uwar da ta haife ta. Na shiga ɗaki na kasa haɗa ido da ita. Ta riga ta ji komai.

Washegari bayan an dawo daga sallar asuba, gari ya fara haske, Baba yana zaune a kan buzunsa a ƙofar ɗakinsa yana lazimi, ni ina gefe, Inna tana hura wuta. Sai ga Binta ta fito lulluɓe, ɗauke da faifai. Ku tuna amarya ce da ko muryarta ba a fara ji a gidan ba, balle ta tunkari surukinta. Inna ta saki muciya tana kallo. Binta ta zo ta durƙusa nesa kaɗan, ta tura faifan gaban Baba. Kwalaben humrarta ne duka, da ƙullin turaren wuta, har da 'yar ƙaramar da take ɓoyewa a ƙarƙashin matashi. Ta aske ma gefen gashinta da ya fi shan turare, na gani da mayafin ya zame.

Ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ga su. Ban san dokar gidan ba, da ban shigo da su ba. A ba wanda za a ba. Zan zauna yadda Inna ta zauna."

Baba ya ajiye carbinsa. Ya miƙa hannu ya laluba faifan, yana taɓa kwalaben ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a kan 'yar ƙaramar. Ya cire murfin ya shaƙa.

Ya ce, "'Yata, wa ya haɗa wannan?"

Ta ce, "Ni ce, Baba. Sauran na mahaifiyata ne."

Ya ce, "Akwai jibda a ciki."

Ta ce, "Kaɗan. Mahaifiyata ta saya a Ɗanbatta, ta ce ta gidan nan ce."

Ya sake shaƙa, ya lumshe idanun da ba sa gani. Ya ce shekara da shekaru yana kwasar abin nan, bai taɓa jin inda ya je ya ƙare ba sai yau. Sannan ya juya wajen murhu ya ce, "Hajara, ashe abin da na hana ki ke nan."

Inna ta ce, "Malam, ni ban kai ƙara ba." Ta sunkuya ta ɗauki muciyarta.

Abin da ya yi bayan wannan shi ne abin da nake so ku riƙe, don da idona na gani. Ya karkata kwalbar ya zuba a tafin hannunsa, ya murza, ya shafa a gemunsa, ya shafa a wuyan rigarsa da ƙirjinsa, a hankali, kamar mai alwala. Na yi zumbur na ce, "Baba!" don na san ma'anar abin. Shi kaɗai ne ya rage wanda Auta ke karɓar abinci a hannunsa, kuma humrar nan ba ta fita da wanka ɗaya ko biyu. Ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Ya tura faifan gaban Binta.

Ya ce, "Ɗauki kayanki ki mayar ɗaki, ki kunna wanda kike so. Mace ɗaya da aka hana ƙamshi ta isa a gidan nan." Ya juyo gare ni. "Sule, ɗaura wa jaki keji. Ka kai shi duwatsun hanyar Kazaure, inda akwai duhuwa da ruwa. Ka buɗe masa in rana ta yi sanyi, zai goge aljihunsa a jikin itace da kansa, haka suke yi a daji."

Na ɗaura na fita ta tsakiyar ƙauye da rana tsaka, kowa yana gani. Babu wanda ya ga abin da ya faru a ƙofar ɗakin Baba sai mu huɗu, amma duk gari sun ga ango, kwana kaɗan da kawo masa amarya, yana jan jaki da gadon gidansu zuwa daji. Daga nan maganar ta samo asali. Da na isa na buɗe kejin, Auta ya daɗe bai fito ba. Da ya fito bai waiwaye ni ba, ya ja jiki ya shige cikin duwatsu. Na zauna a kan kejin na yi kuka mai isata, sannan na kamo hanya.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Baffa Iliya ya zo ya ji ƙamshi a jikin yayansa, ya juya ya koma gida, ya toshe ƙofar da ke tsakanin gidajenmu da tubali. Har ya rasu gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Bai iya zagin yayansa ba, sai ya ɗora wa amarya, iyalinsa kuma suka gada. Baba ya so ya tara mutane ya yi bayani, Binta ta aika Inna ta roƙe shi ya bari, wai gara a ce ita ce da a ce dattijo ya zubar da gadonsa da hannunsa. Ta sa ni ma na yi mata alkawarin yin shiru muddin tana raye, kuma na cika. Shi kuwa Baba, mutumin da bai taɓa zama ba, ya koma zaman zaure. Da safe sai ka ga ya miƙe ya nufi ɗakin baya, ya yi rabin hanya ya tuna, ya dawo ya zauna. Wannan ya fi komai ci mini rai. Amma ranar Juma'a ta farko, da aka zagayo da 'yar kwalba a masallaci, na ga ya fiddo hannunsa daga aljihu ya miƙa tun kafin a iso kansa.

Gidanmu ya koma gidan ƙamshi. Inna ta rama shekarunta, har ɗan akuya sai da ya yi ƙamshin sandal. Binta ta fara haɗa wa amaren ƙauyuka humra da turaren wuta, sunanta ya kai har Bacirawa a Kano, kuma wani ɓangare na karatunku daga kaskonta ya fito. Wadda aka ce ta kashe sana'ar turare a gidan nan ta fi shekara arba'in tana yin ta.

Saura maganar kwalabenku. Da ƙaramar Sallah ta zagayo, idon Baba ya rufe gaba ɗaya. Binta ta turara wa kowa kaya, ni kuwa tawa rigar tana wurin maɗinki, na karɓo ta da safe na sa haka nan. Bayan an sauko daga idi mutane suna ta shiga gaishe shi, kowa sai ya faɗi sunansa. Ni ina sa ƙafa a zaure, ban yi ko sallama ba, sai ya ɗago kai.

Ya ce, "Sule ne."

Na ce, "Baba, yaya aka yi ka gane?"

Ya ce, "Kowa a gidan nan ya koma ƙamshi ɗaya, har ni. Kai kaɗai ka rage da warin gidanmu na da. In ka shigo sai in ji kamar ina gani."

Bai ce in yi komai ba. Na shiga ciki na gaya wa Binta, sai ta kwashe kayana daga akwatinta ta sa a wani daban, ta kai ɗakin baya. Tun daga ranar ba ta ƙara ɗora rigata a kan kasko ba. Mata sun yi mata gori, wai mai turara amaren gari ta bar mijinta haka. Baba ya yi shekara shida yana gane ni tun daga bakin ƙofa. Da ya rasu na yi niyyar farawa, na ɗauki kwalba na buɗe, sai na ji kamar in na shafa zan shiga wani wuri ya kasa gane ni. Na mayar da murfin.

To, Rabi, ga amsarki, kuma ki karanta wa tsohuwar nan in tana da rabon ji, ba da faɗa ba. Mahaifiyarku ba ta kashe komai ba. Ta kawo duk abin da take taƙama da shi a kan faifai ta ajiye, kakanku ne ya ƙi karɓa.

Kwalaben da ke kan durowa ku raba wa matanku da mazajenku, Allah Ya yi muku albarka. A cikin akwatina na ɗakin baya akwai wani ƙahon sa da aka toshe da jar fata, shi ne kwasar ƙarshe da muka yi wa Auta ni da Baba. Mun ɗiba mun sa wa Inna a likkafani kamar yadda aka yi mata alkawari, mun ɗiba wa Baba, na ɗiba wa mahaifiyarku da hannuna. Akwai ɗan saura a ƙasa. Kada warin ya ba ku tsoro, ku ɗebi kaɗan a kan tsinke ku narka cikin mai. In an gama yi mini wanka ku shafa mini a gemu da wuyan likkafani. Su ukun duka da wannan ƙamshin suka tafi, za su gane ni.